Toka a Ɗakin Yaya

Buhu goma sha biyu aka fara shigarwa ɗakin Yaya, ranar da hadarin farko na damina ya haɗo. Tana zaune a bakin katifa tana ɗinke hammatar wata tsohuwar riga, sai ta ji kukan baro a tsakar gida, ta ji muryar ƙanenta, wanda kowa a unguwar ke kira Mai Bulo, yana ce wa leburorinsa su yi sauri.

Ya ɗaga labule ko sallama babu. "Yaya, ɗan janye ƙafarki. Kwana biyu ne kawai, kafin in gyara rufin rumfa."

"Mene ne a ciki?"

"Toka ce. Ba ta shiri da ruwa ko kaɗan. Kin ga duk gidan nan ɗakinki ne kaɗai ba ya yoyo."

Ta janye ƙafa. Leburori suka riƙa shigowa suna jibge buhunan a jikin bango. Duk buhun da ya faɗi sai ya fesar da wata ƙura mai laushi, ta tashi ta tsaya a hasken taga. Da suka gama ta duba bayan hannunta, ta ga ya yi fari fat. Ta yi dariya ita kaɗai, ta ce furfura ta gaji da kai ta sauko hannu.

Filin da Mai Bulo ke buga bulo a bayan gidan yake, katanga ɗaya ta raba su. Da siminti ya yi tsada har masu gini suka fara ja da baya, wani abokinsa injiniya ya kawo masa dabara. Akwai masana'anta a bakin gari da ke ƙona kwal, tokar da take fitarwa tsibi-tsibi ake zubarwa, neman mai kwashewa suke yi. In aka rage siminti aka cike gurbin da wannan toka daidai awo, bulo yakan fito sumul, in ya daɗe ma ƙarfi yake ƙarawa. Mai Bulo ya gwada, ya ga gaskiya ne. Matsalar ɗaya ce: tokar tana zuwa da dunƙule-dunƙule da gutsattsarin ƙarfe da kwal ɗin da bai gama ci ba, sai an tankaɗe. Leburori suka yi kwana uku suna tankaɗe. A rana ta huɗu babbansu, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya ajiye rariya ya ce su bugun bulo aka ɗauke su su yi, ba shaƙar wannan abu ba.

Washegari matar Mai Bulo, Maman Biyu, ta shigo ɗakin Yaya riƙe da rariyar waya da babban baho.

"Yaya, tunda ga tokar kusa da ke, ai sai ki riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan. Zaman nan shiru shi ke kawo miki ciwon gwiwa."

Yaya ta dubi rariyar. Ita ta goyi Mai Bulo bayan rasuwar uwarsu. Mijinta ya mutu bai bar mata ɗa ba, bai bar mata gida ba. Shekara shida ke nan tana cin abincin gidan nan, kuma kowace loma sai ta ji nauyinta. Ta miƙa hannu ta karɓa.

"A waje zan yi ko?"

"Wane waje, da wannan hadarin? Iska ma sai ta kwashe rabi. Ki turo ƙofa kawai, kada ta ɓata mana shanya."

Haka aikin ya zama nata. Da hantsi takan kwance bakin buhu, ta ɗebo da kwano, ta zuba a rariya, ta girgiza. Mai laushin ta sauka a baho, tsakuwa da ƙarfe su tsaya a sama, ta juye su a tsohon bokiti. Kafin azahar ba ta iya ganin bangon da ke gabanta sosai. Da la'asar leburori su zo su kwashe tankaɗaɗɗiyar, su shigo da wasu buhunan. Goma sha biyu suka zama ashirin. Ashirin suka zama talatin da wani abu, har suka toshe rabin taga. Aka matsar da akwatin kayanta bayan ƙofa, aka ɗora buhu biyu a kansa.

Tokar ba ta bar komai ba. Tana cikin matashi, tana cikin kofin ruwa, tana ƙarƙashin farce. In Yaya ta tauna abinci sai ta ji ƙas-ƙas a haƙori. Tafin hannunta ya bushe ya tsattsage, in ta sa a ruwa kamar an zuba mata barkono. Idanunta suka yi ja, kullum suna hawaye ba tare da ta yi kuka ba.

Tarin ya fara a sati na uku. Da farko busasshe ne, irin wanda ake kora da kurɓin ruwa. Daga baya ya sauka ƙirji, ya riƙa fito da kaki mai launin tokar kanta.

"Mura ce," in ji Mai Bulo, yana tsaye a bakin ƙofa da waya a kunne. "Lokacinta ne. Ni ma jiya sai da na yi atishawa."

"Yaya ai tun zuwanta gidan nan take tari," in ji Maman Biyu daga kicin. "Yanzu ne dai aka sa mata kunne."

Yaya ba ta tuna ta taɓa yin tari irin wannan ba, amma ba ta yi musu ba. Ta tambayi zancen rufin rumfa. Mai Bulo ya ce kafinta ya yi tafiya. Bayan sati ta sake tambaya, ya ce kafinta ya dawo amma ba a sami kwano mai kyau ba.

Wata rana Injiniyan da ya kawo dabarar ya zo ganin yadda ake kwaɓi. Ya nemi ya ga inda ake ajiye tokar, aka kawo shi ƙofar ɗakin. Ya ɗaga labule, ya ja da baya yana toshe hanci da hankici. Sai da ƙurar ta ɗan lafa ya gane mutum ne zaune a tsakiya.

"Subhanallahi! Mama, a nan kike kwana?"

"A nan nake, ɗan nan."

Ya juya wajen Mai Bulo. "Haba, abokina. Wannan abin a cikin bulo lafiya lau ne, siminti ya kama shi ya daskare. Amma a iska ba abin wasa ba ne. A masana'antar ma ba a barin mutum ya matso ba takunkumi. A waje ake tankaɗewa, a rumfa, kuma ba a ajiye ta inda mutum ke kwana."

"Wallahi maganar da nake yi ke nan," in ji Mai Bulo. "Satin nan za a gyara rumfa. Yaya ce ma ba ta son zama haka nan, ka san tsofaffi."

Injiniya ya dubi Yaya, ya dubi agogonsa. "To, ni dai na faɗa." Suka wuce fili suna zancen awon kwaɓi, tana jin dariyarsu ta bayan katanga.

Da yamma Mai Bulo ya aiko mata da takunkumi guda ɗaya, irin na takarda. Ta ɗaura shi kwana biyu, ya toshe ya yi baƙi, igiyar ta tsinke. Ta wanke shi, ya narke a hannunta. Ba a sake kawo wani ba, sai ta koma naɗe hanci da gefen mayafi.

Abin da ya fi tsaya mata a rai ba tarin ba ne. Tagwayen gidan, 'yan mata biyu 'yan shekara bakwai, sun saba in sun taso daga makaranta su faɗo ɗakinta su baje a katifa, ta tsefe musu kai suna ba ta labarin wanda malami ya doka. Ran nan ta ji takunsu sun nufo ƙofarta a guje, sai muryar uwarsu ta tare su kamar bulala.

"Kai! Ku dawo nan! Sau nawa zan gaya muku kada ku shiga ɗakin nan? So kuke ƙurar nan ta kashe min ku?"

Yaya ta tsaya da girgiza rariya. Ashe an sani. Ta daɗe tana ba su uzuri a zuciyarta, tana cewa ba su gane ba ne, aiki ya yi musu yawa. Ashe Maman Biyu ta san abin da ƙurar take yi wa ƙirjin mutum, ta san shi sarai, har tana iya kiran sunansa da ƙarfi a tsakar gida. Yaya ta zauna da rariya a cinya har aka kira la'asar, ba ta ƙara ko kwano ɗaya ba. Da leburori suka zo suka tarar da rabin baho, Maman Biyu ta leƙo ta ce, "Yau kuma jikin ne, Yaya? Ai kin san gobe suna da babban kwaɓi."

Daga wannan satin aka ware mata kwano da kofi. Maman Biyu ta ce ba don komai ba ne, tari dai ba a san irinsa ba, kuma akwai yara. Abinci a bakin ƙofa ake ajiye mata, a ƙwanƙwasa, a wuce. Ita da ta saba cin abinci cikin hayaniyar yara, ta koma ci ita da buhuna.

Numfashi ya fara yi mata wuya. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta tsaya sau biyu ta dafa bango. In ta kwanta a miƙe ƙirjin ya riƙa kuka kamar tsohuwar ƙofa, sai ta koma barci a zaune, ta jingina da buhu, domin babu sauran bangon jingina. Zanenta ya fara zagaye ta har da rara.

Wata safiya ta tare Mai Bulo a hanyarsa ta fita. Ta kira shi da sunan da take kiransa yana ƙarami.

"Auta, zo ka zauna."

"Yaya, mota na jira."

"Minti ɗaya. Ka fitar min da tokar nan. Wallahi ba na iya numfashi."

Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa. Ta ga alamar kunya ta gifta a fuskarsa, har ta sa rai. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya mayar aljihu.

"Yaya, ke ma kin san halin da ake ciki. Wata makaranta ce ta ba ni aikin bulo, babban aiki, irin wanda ban taɓa samu ba. In ruwa ya taɓa tokar nan, na tashi a tutar babu. Wa zai ciyar da gidan nan? Ai har da ke nake yi wa. Ki ƙara haƙuri a gama wannan, da hannuna zan kwashe, in sa a yi miki fenti."

"To a samo wani ya yi tankaɗen."

"Wa zan samu? 'Yan zamanin nan ba sa son wahala. Ke ce kike da haƙurin yi da kyau. Injiniya ma sai da ya yaba laushinta." Ya zaro ƙwayoyin maganin tari daga aljihu ya danƙa mata. "Ki sha biyu-biyu. Mai kemis ya ce yana da ƙarfi."

Ya fita. Ta bi bayansa da kallo, ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa, ta tuna lokacin da ba ya yarda ya yi barci sai ya riƙe ɗan yatsanta.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, wajen azahar. Tun safe garin ya yi luf, zafi ya dame da ƙura a ɗakin. Yaya ta tankaɗe baho ɗaya, ta fara na biyu, sai tari ya sarƙe ta. Ta yi ta yi, iska ta ƙi shiga. Ta rarrafa wajen taga, buhuna sun tare. Ta ga duhu-duhu yana zagaye idonta. A daidai lokacin ruwa ya ɓarke a kan kwano kamar da bakin ƙwarya, wata iska mai sanyi ta turo ƙofa ta shigo ta daki fuskarta.

Ba ta yi shawara da kowa ba, har da zuciyarta. Ta ja bahon ta tura shi waje, ya kife a tsakar gida. Ta kama kunnen buhun da ta fara, ta ja shi da baya-baya har ya wuce dokin ƙofa. Ta koma ta kamo wani cikakke. Ita kanta ba ta san inda ƙarfin ya fito ba. Ta ja, ta huta, ta ja. A buhu na uku ƙafarta ta zame, ta faɗi a kan siminti, ruwa yana dukan bayanta. Ta kwanta a nan, baki buɗe, tana jan iskar da babu toka a cikinta.

Maman Biyu ce ta fara gani. Ta ƙwalla ihu: "Toka! Jama'a, toka a ruwa!"

Mai Bulo ya shigo a guje daga fili, leburori na biye. Ya tsallake ƙafafun yayarsa ya rungumi buhu. "Ku kama! Ku kawo tamfol! Wa ya yi wannan aikin?" Da bai ga tamfol ba ya faɗa ɗakin ya fizgo bargonta ya rufa wa buhunan. Maman Biyu tana ta kwasar abin da ya zube da faranti, yana narkewa yana bin rariyar ruwa.

Babban leburan nan ne ya tsaya cak. Ya saki buhun da aka ce ya kama, ya durƙusa, ya tallabo kan Yaya.

"Maigida," ya ce, "bar tokar nan. Baiwar Allahn nan ba ta numfashi daidai."

A motar ɗaukar bulo aka kai ta asibiti. Aka sa mata robar iska a hanci, aka ɗauki hoton ƙirji. Kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. A rana ta uku likita, wata mace mai tabarau, ta zo da hoton a hannu, ta ja kujera ta zauna kusa da gadon. Mai Bulo yana tsaye a gefe.

"Mama, a wace masana'anta kike aiki?"

"Ban taɓa taka masana'anta ba, 'yar nan."

"To a ina kika shaƙi wannan ƙura haka?"

Yaya ta juya ta dubi ƙanenta. Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya.

"Likita, 'yar sana'a muke yi a gida. Takan ɗan taɓa mana ne don motsa jiki. Mun yi mun yi ta bari, ta ƙi."

Likita ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe. Sannan ta mayar da ido kan Yaya, tana jira. Kalma ɗaya ta rage Yaya ta faɗa. Amma ta tuna daga gadon nan babu inda za ta sai gidansa, ta lumshe ido ta haɗiye kalmar.

"Ka saurare ni da kyau," in ji likita. "Huhunta ya ji jiki. Wani abin zai warke, wani ba zai warke ba. In ta koma cikin ƙurar nan, ba jinya za ku dawo yi ba. A raba ta da ita kwata-kwata."

"In sha Allahu, likita. Yau ɗin nan."

Bayan kwana tara aka sallame ta. Mai Bulo da kansa ya riƙo ta daga mota har tsakar gida, yana ce mata sannu a kowane taku. Ta nufi ɗakinta, sai ta ga sabon kwaɗo a ƙofar. Ta ɗan gefen tagar da bai toshe ba ta hango buhuna har kusa da silin.

"Nan ne, Yaya," in ji shi, yana juya ta a hankali.

Kusa da kicin akwai wani ɗan ɗaki da ake ajiye itace da tsofaffin tukwane. An share shi, an shimfiɗa katifarta, ƙarshen katifar ya ɗan lanƙwashe don tsawon ɗakin bai kai ba. Babu taga. An ajiye roba biyu a ƙasa inda kwano ke ɗiga. Bangon da ya raba shi da murhu ya yi baƙi, hayaƙi yana shigowa ta saman katanga.

"Likita ta ce a raba ki da toka, to ga shi na raba ki," in ji Mai Bulo, fuskarsa a sake kamar wanda ya sauke nauyi. "Nan ko ƙwayarta babu. Ga ki kusa da abinci, ga ki kusa da banɗaki. Tankaɗen ma na samo inji, kin huta."

Ashe akwai inji. Yaya ta zauna a bakin katifar, ta ce, "Allah ya yi albarka." Ba ta da numfashin da za ta ƙara wani abu.

Babu wanda ya taɓa dukan Yaya a gidan nan. Babu wanda ya zage ta, ko ya hana ta abinci. Duk wanda ka tambaya yana da amsarsa a shirye, kuma in ka saurara sai ka ji kamar da gaskiyarsa: damina ce, aiki ne, yara ne, tsufa ne. An yi lissafin abin da ruwa zai yi wa toka tun kafin ɗigon farko ya sauka. Abin da toka za ta yi wa tsohuwa kuwa, kowa ya sani, kowa ya kau da kai.

Makarantar ta karɓi bulonta, an gina azuzuwa shida. Masu gini suna ta zuwa ganin mutumin da ya mayar da sharar masana'anta abin amfani.

Wata yamma maƙwabciyarsu ta shigo dubiya. Ta durƙusa a bakin ɗan ɗakin, don babu wurin zaman mutum biyu, tana kore hayaƙi da gefen mayafi.

"Sannu, Yaya. Kai, ai ke kin yi dace da ƙane. Jiya muke zancensa. A wannan zamanin wa zai kwana tara yana zaryar asibiti saboda 'yar'uwa? Wasu da tuni sun kai ki can wani wuri sun yar. Shi kuwa ya riƙe ki."

Yaya ta buɗe baki, tari ya riga ta. Ya daɗe yana girgiza ta, maƙwabciyar tana ta jera sannu. Da ya lafa ta goge bakinta, ta jingina da baƙin bangon, ta dubi robar da ruwa ke ɗiga a ciki.

"Ya riƙe ni kam," ta ce.